Jan Bajimin Ardo Sambo

Samarin da ke zama a bakin kara ranar kasuwa suna cewa kamun shanu ba sana'a ba ce, wai jifa ne da ja. Kwanan baya na ji wani yana faɗin haka, yana wasa da igiyar roba irin ta yanzu. Ban tanka masa ba, don kasuwa ba wurin koyar da mutum ba ce. Amma tun da ta hanyar igiya na shiga fataucin shanu, kuma da ita na tsaya da ƙafata, bari in faɗi abin da na sani.

Aikin farko da aka ba ni a kara wata baƙar karsana ce a kasuwar Kurfi, tun kafin a sami mulkin kai. Maigidana, Baba Tanko, dillalin shanu ne a Dutsin-Ma. Ya sayar da karsanar ga wani manomi, ya ce in fitar da ita daga cikin 'yan'uwanta. Na warware igiya, na yi zarge, na ja da baya, na ɗaga hannu. Kafin igiyar ta bar hannuna karsana ta sake wuri. Na sake shiri, ta sake matsawa. Muka yi ta haka har manomin ya nemi inuwa ya zauna yana ɓarar gyaɗa. Baba Tanko ya zo ya karɓi igiyar. Bai jefa ba. Ya bi ta gefenta kamar mai wucewa abinsa, ya sakar mata zargen a ƙaho da ɗan motsin wuyan hannu, ya miƙo mini bakin igiyar, ya koma wajen cinikinsa.

Igiyarmu ta lokacin ta rama ce. Mu muke jiƙa ramar, mu tuƙa, mu shafe ta da man kaɗe, sannan mu ɗaura wa jaki ya ja ta a ƙasa har ta yi laushi. Sabuwar igiya taurin kai gare ta, zargenta ba ya buɗewa yadda kake so. Don manyan bijimai akwai ta fata, mai nauyi, wadda ba a barinta a rana kuma ba a barinta inda ɓera zai kai. Ta kaba kuwa ta awaki ce. Wanda ya shigo kara da igiyar kaba, kowa ya san baƙo ne. Bayan igiya sai sanda, sai turke, sai guntun dabaibayi a aljihu. Kayan aikin ke nan, ba su cika buhu ba.

Washegarin abin karsanar nan, bayan azahar, Baba Tanko ya kira ni zaurensa. Yana riƙe da karan dawa.

"Sule, aza hannunka bisa gwiwarka," ya ce. "In ka ji na ce 'to', janye shi. Iyakar aikinka ke nan."

Ya ɗaga karan ya riƙe shi a sama. Can ya ce "to", ya kawo duka. Karan ya sauka a gwiwata, hannuna ya riga ya tafi. Ya yi ta maimaitawa, wani lokaci ya daɗe kafin ya faɗa, wani lokaci nan take. Da wuya ya sami ko yatsana.

"Madalla. Yanzu in na ce 'to', ka janye hannun, ka taɓa hularka, ka ɗauko igiyar can da ke rataye, ka jefa ma turken nan na bakin ƙofa."

Ya ce "to". Karan ya same ni a bayan hannu. Muka sake, ya sake samuna.

Na ce, "Baba, ai kai ne ka ƙara sauri."

"Ni da gwiwa ke ƙara in na tashi, ina na ga sauri? Hannunka ne ya tsaya ɗaurin kaya."

Ya ajiye karan ya ce mini wanda zai je Kutawa, nan kusa, takalmi kawai yake sawa ya fita. Wanda zai je Ikko kuwa, ko an ce masa mota za ta tashi, sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana taɓa aljihu. Hannu ma haka yake. In aikin da ke gabansa gajere ne, da jin kira ya tashi. In aikin dogo ne mai gaɓoɓi, ba ya barin wurinsa sai ya jera su, alhali janyewar farko iri ɗaya ce a duka biyun.

Ban yarda ba. Na ce zan shirya komai a raina tun kafin ya ce "to". Ya ce bismilla. Na jera hula da igiya da turke a zuciyata har na haddace su. Duka ya ragu, amma bai ƙare ba. Na fita zauren da bayan hannu ja, da kuma abin da na ci abinci da shi tsawon rayuwata: doguwar jifa sau biyu take cin lokaci. Akwai lokacin da igiya take yi a sama, wannan kowa yana gani. Akwai kuma wanda hannu yake ci kafin ya motsa, wannan ba mai gani, har mai hannun. In kai ne ka zaɓi lokacin jifa, na biyun ba ya cutar da kai, don ba wanda ke jiranka. In dabba ce ta zaɓa, a nan ake gane shi.

Masu sayen shanunmu iri uku ne, kuma duk a ƙafa suke haɗuwa. Manomin da ke neman shanun huɗa zai sa ka kora sa gaba da baya yana kallon tafiyarsa, in ya ga ɗingishi ko kaɗan ya juya. Fataken kudu suna son wanda zai taka da ƙafarsa har tashar jirgin ƙasa. Mahauci ne kaɗai ba ya ƙin gurgu, shi ma don ya san ba ka da wani mai saye ne. Akwai wani mahauci a Dutsin-Ma da in ya ji an karya sa wajen kamu, sai ya zo yana yi maka jaje da fuskar tausayi, wuƙarsa a ɗamara. Sa mai karyayyar ƙafa nama ne, nama kuwa a ƙauye ranar da ba kasuwa kusan sadaka ne. Saboda haka kamu ba tsayar da dabba ba ne kawai. Tsayar da ita ne da ƙafafunta huɗu lafiya.

Wani sa da ya tsinke mana a hanyar Funtuwa shi ya nuna mini iyakar gwanintar jifa. Lokacin na fara sayen nawa, ɗaya biyu, ina haɗawa da na fatake, kuma na ɗauki Garba Dogo na Kurfi yana kama mini. Tare muka taso a kara, shi ya tsaya a igiya, ni na koma ciniki. Sai san ya haye wani rafi ya tsaya a tsallake yana kallonmu. Garba ya tsaya a wannan gaɓa, ya gyara tsayuwa, ya juya igiya a kansa ba gaggawa, ya sake ta. Ta faɗa kan ƙahonin biyu kamar da hannu aka aza. Ban taɓa ganin mai jifa irinsa ba, kafinsa ko bayansa. Ya san haka kuwa, kuma ba ya jira a faɗa masa.

Shekarar da ta kusa fitar da ni daga sana'a ta zo bayan mulkin kai da 'yan shekaru. Ruwa ya ɗauke da wuri, sannan ciwon huhu ya shiga shanu. Hukuma ta hana kora su daga wannan gari zuwa wancan, kara ta zama fili. Shanun da na saya don kaiwa kudu suka tsaya a hannuna, ga tsadar harawa, ga tari. Wasu suka mutu, wasu na sallama wa mahaucin nan mai jaje. Da aka buɗe hanya, abin da ya rage mini bai wuce kuɗin sa guda ba. Fataken kudu sun dawo suna neman manyan shanu masu lafiya, babu. Wanda ya kawo guda ɗaya mai kyau ya farfaɗo. In ban samu ba, sai in koma riƙe wa wasu igiya.

Sai na ji labarin Ardo Sambo, wani Bafulatani da ya kafa ruga a dajin bayan Rawayau. Ya ware garkensa daga na kowa, ciwon bai shige shi ba. Yana shirin tashi zuwa kudu neman ciyawa, kuma yana son rabuwa da wani bajimi. Na je na same shi da hantsi.

"Kaɗo, ka ga wancan?" ya ce, yana nuni da sanda.

Ja ne, irin shanun da ake kira rahaji, mai dogayen ƙahoni, yana tsaye can gefe shi kaɗai.

Na ce, "Na gan shi, Ardo. Shi ma ya gan ni."

"Tun da aka kwance shi daga dangwalin maruƙa igiya ba ta sake taɓa shi ba. Yana jin kirana, yana bina, amma hannu bai yarda ba. Hanyar da za mu bi akwai garkunan mutane, shi kuwa faɗa gare shi. Ba na son shari'a a ƙasar da ba ni da kowa."

Akwai irin cinikin da ake yi a ruga wanda ba a yi a kara, ana ce masa saye a garke. Kana sayen dabba tana tsaye cikin 'yan'uwanta, da rahusa, amma kamu naka ne. Da zarar mai ita ya ce ya sallama, ka ba shi kuɗinsa, to in ta karye taka ce, in ta shiga daji taka ce, in ta bi garke ta tafi kai ka sani. Mai ita ba ya sa hannu. Bafulatani ba ya taya baƙo kama abin da ya raina tun yana maraƙi. Na san wannan duka. Na zagaya bajimin daga nesa, na dubi ƙirjinsa da tozonsa da yadda yake numfashi, na ba Ardo duk abin da ke ɗamarata.

"Na sallama," ya ce. "Jibi da sassafe za mu tashi. In ya biyo mu, ba zan kore shi ba, ba kuma zan kawo maka shi ba."

Na aika Kurfi aka kira Garba. Ya zo da igiyarsa ta fata a kafaɗa, ni kuma na aro takarkari mai sanyin hali wanda za mu haɗa su in an kama.

A fili ba a kusantar bajimin nan. Yana ganin mutum ya tsaya da igiya sai ya ba shi tazarar da jifa ba ta kaiwa. Wuri ɗaya ne dole ya matso: hanyar ruwa. Fulanin sun tona ramuka a yashin rafi, kuma gangaren da ake bi a sauka ƙunci gare shi, dutse a hagu, wata tsohuwar tsamiya a dama. Shanu suna sauka a jere. Shi ba ya binsu. Sai ya tsaya a sama har kowa ya wuce, ya yi ta kallo, sannan a lokacin da ya ga dama ya zubo a guje ya wuce gangaren kamar an harba shi.

Garba ya duba wurin ya ce, "Wanga ai aikin yara ne. Bayan tsamiya zan tsaya."

Na ce masa wurin gajere ne, kuma san ne zai zaɓi lokaci, ba shi ba.

"Ai a shirye nake tun yanzu. Sule, tun da ka fara ƙirga kuɗi ka manta igiya."

Na bar shi. Da yamma shanu suka sauka. Bajimi ya tsaya a sama, ya daɗe har Garba ya sauya ƙafa. Sai ya zubo. Ina kallon kafaɗar Garba, ba bajimin ba. Kan bajimin ya riga ya shigo tsakanin dutse da tsamiya kafin kafaɗar ta motsa. Jifar kanta ba ta da aibi, zargen ya buɗe sosai, amma a gadon baya ya sauka ya zame. Bajimi ya sha ruwansa, ya haura ta wancan tsallake, ya zagayo ta nesa ya koma garke.

Ardo yana zaune a kan dutse, ya ba mu baya kamar yadda al'ada ta ce. Bai juyo ba ya ce, "Kaɗo, na ji ƙarar igiya a ƙasa. Ko kunnena ne?"

Garba ya ce rana ce ta shiga idonsa. Rana kuwa tana bayansa. Saura shan ruwa ɗaya, na gobe da yamma.

Da safe na koma gangaren ni kaɗai na duba sawu. Shanun suna bin tsakiya. Sawun bajimin, manya masu zurfi, na jiya da na shekaranjiya da waɗanda suka fara shafewa, duk a jikin dutse suke, kusan wuri guda yake dira kafin ya faɗa yashi. Na ɗauko tsohuwar igiyata ta rama, na shafe ta da kashin shanun garken don kada ya ji baƙon wari. Na buɗe zarge mai faɗi a inda yake dira, na tokare shi da 'yan guntayen kara, na rufe da yashi. Na binne sauran igiyar har gindin tsamiya, na naɗa ta a jikin itacen, na bar doguwar jela a baya.

Da Garba ya zo ya gani, ya ce, "Tarkon kurciya? Ni ka kira daga Kurfi in zauna in ja tarkon kurciya? In aka ji wannan a kara ina zan sa kaina?"

Na ce, "Ba kai za ka ja ba, ni zan ja. Kai jela za ka riƙe."

Na yi masa bayani. Fizgar igiya motsi ɗaya ne, kowa zai iya, muddin ba shi da wani abu a gabansa sai shi. Amma in aka fizge ƙafar sa yana gudu aka tsayar da shi nan take, ƙafar ta tafi. Dole wani ya riƙa sakar masa igiya ta jikin tsamiya, yana ba shi yana hana shi, har ƙarfinsa ya ƙare a yashi. Wannan aiki ne dogo, yana son hannun da ya san nauyin sa, kuma ba ya bukatar tashi da sauri, don igiyar ce da kanta za ta gaya masa an fara.

"Wannan ko kai ba ka iya ba," in ji Garba.

"Shi ya sa na kira ka."

Ya ɗauki jelar ya gwada santsinta a jikin itacen, ya ƙara naɗi ɗaya.

Saura nawa aikin. Na san in na tsuguna da niyyar in ja, in miƙe, in yi tsalle bayan tsamiya, to aikina ya zama uku, kuma hannuna zai tsaya ɗaurin kaya kamar a zauren Baba Tanko. Gudun ma gaɓa ce. Saboda haka na zauna dirshan a gindin itacen, na jingina bayana, na miƙe ƙafafu, na tura su ƙarƙashin wata saiwa yadda ko na so tashi ba zan iya da wuri ba. Na yafa buhu a jikina, na kama igiyar da hannu biyu.

Garba ya leƙo daga bayan itacen. "In ya juyo kanka fa?"

"In ya juyo, naka ne."

"Allah ya shirye ka, Sule."

Shanu suka sauka. Ƙura ta kwanta. Bajimi ya tsaya a sama. Ban dube shi ba, na kafa ido a kan yashin da ke jikin dutse, ban bar komai a raina ba sai ja. Na ji ƙasa tana amsawa. Ƙafafun gaba suka dira suka tashi, na baya suka shigo, hannuna ya tafi.

Zargen ya kama ƙafar baya ta dama, sama da kofato. Na saki. Igiya ta bi jikin tsamiya tana kuka, har ƙaurin ɓawon itace ya tashi. Garba ya ba shi, ya hana shi, ya sake ba shi. Bajimin ya ja har tsakiyar rafi, ya juyo ya nufo itacen. Garba ya zagaya da gudu yana tattara igiyar da ta yi sako-sako, ya naɗe ta a wata saiwa ta can gefe, yadda da san ya iso ƙafar ta riƙe shi ta baya. Ya tsaya yana huci, ƙahonsa bai kai ga tafin ƙafata ba, amma na ji ɗumin numfashinsa. Ya sake juyawa rafi. A karo na gaba yashi ya ci ƙarfinsa, ya durƙusa, ya kwanta a gefensa a hankali. Garba ya ɗauko igiyarsa ta fata, ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya juya ta a kansa ba gaggawa, ya aza ta a ƙahonin biyu.

Na zare ƙafafuna daga saiwar na je na shafa ƙafar bajimin daga cinya har kofato. Ba karaya, ba jini, sai ɗan gashi da igiya ta goge. Tafin hannun Garba ne ya saɓule.

Sai a lokacin Ardo ya juyo. Ya sauko ya tsaya a kan bajimin ya yi masa magana da Fulatanci, ban san me ya ce ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Kaɗo, in mun dawo da damina, a ina ake samunka?" Na faɗa masa. Shekaru da yawa bayan nan, duk abin da zai sayar ta hannuna yake bi.

Muka haɗa bajimin da takarkari, igiya a ƙaho, igiya a ƙafa, muka taka da shi har Dutsin-Ma. Fataken kudu suka yi ta zagaya shi. Na sayar, na sayi ƙanana da kuɗin, na ci gaba. Ban sake komawa riƙe wa kowa igiya ba.

Tun daga nan, in zan raba aiki a wajen kamu, ba na tambayar wa ya fi gwaninta. Ina duba wane aiki ne dabba za ta zaɓi lokacinsa, in gajarta shi iyakar gajartawa, in ba mutum ɗaya, kada in haɗa masa da komai, ko da kiran wani ne. Dogon aiki kuma in ba gwani, a inda ba mai jiransa. Saurayin da ya ce jifa ne da ja, in ya zo neman aiki wurina, akwai karan dawa a zaure.

Garba kuwa, har Allah ya karɓi abinsa, in aka zauna a kara sai ya ba da labarin yadda ya kama jan bajimin Ardo Sambo, ya nuna tabon tafin hannunsa. A labarinsa, ni ina zaune ne a gindin tsamiya lulluɓe da buhu. Ban taɓa musa masa ba, domin kuwa haka aka yi.